Husufin Wata Da Zagayen Shekara 18

A daren Talata, 16 ga Yuli, 2019, wajen ƙarfe goma da rabi, mutanen Nijeriya sun ga duhu ya ci kusan kashi biyu cikin uku na faɗin wata, sauran kuwa yana haske. Irin wannan shi ake kira husufi na sashe. Wasu sun firgita, suna cewa alamar masifa ce. Amma masana taurari sun san ranar da sa'ar tun shekaru masu yawa kafin ta zo. Ta yaya suka sani?

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana. In duniya ta shiga tsakanin rana da wata, sai inuwarta ta faɗa a kansa. Shi ya sa husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika. In dukan watan ya shiga tsakiyar inuwar, sai ya yi ja. In gefe ne kawai ya shiga, sai a ga kamar an gutsure shi.

To, me ya hana a yi husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar wata ta karkace da kamar digiri 5 daga hanyar da duniya take bi tana kewaya rana. Yawanci wata yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Sai bayan kowane kwana 173 ne hanyoyin suke daidaita, a sami lokacin husufi. Saboda haka husufin rana da na wata sukan zo kusa da juna. Mako biyu kafin wannan dare, ran 2 ga Yuli, an yi cikakken husufin rana a Chile da Ajantina.

Mutanen Babila na dā, da suka daɗe suna rubuta abin da suke gani a sama, sun gano cewa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan sulusin yini, husufi iri ɗaya yakan sāke dawowa. Yau ana kiran wannan zagaye Saros. Dubi dangin husufin 2019: ran 25 ga Yuni, 1983, inuwa ta ci sulusin wata, ran 5 ga Yuli, 2001, ta ci rabi, na 27 ga Yuli, 2037 kuwa zai ci kashi huɗu cikin biyar.

Wannan ragowar sulusin yini ita ke sauya wurin da za a gani. Na 2001 ya faru da la'asar a agogonmu, wata bai fito mana ba tukuna, sai mutanen Asiya da Ostareliya suka kalla.

Iyaye, ku koya wa yara da fitila, ƙwallo da lemu a ɗaki mai duhu: fitila rana ce, ƙwallo duniya, lemu wata. Ku sanar da su cewa kallon husufin wata ba ya cutar da ido, ba kamar na rana ba. Abin da ake iya lissafa ranarsa shekara 18 gaba ba abin tsoro ba ne, kada kuma ku bari wani ya tsorata gidanku da shi.

Tambayoyi don tattaunawa a gida:
1. Me ya sa husufin wata ba ya zuwa sai wata ya cika?
2. Shekarunka nawa za su kasance a 2037?