DARASIN SANA'A: GYARAN ƘARAFAN WUYAN JITA

Jama'a, garaya da gurmi da muka saba ji a ƙasar Tudun Wada wuyansu sumul yake. Haka ma kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Jita kuwa tana da ƙananan ƙarafa jere a wuyanta. Su ne ke raba muryoyi. Idan ɗaya ya samu matsala, kiɗa ya lalace. Wannan darasi na masu jitar da aka haɗa da hannu ne. A gano ciwo tukuna kafin a ɗauki magagari, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

1. Tsirkiya tana zuza. A danna ta a kan kowane ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Idan a wuri ɗaya kaɗai take zuza, ƙarfen da ke gaba ne ya fi sauran tudu. A ɗora guntun ƙarfe miƙaƙƙe a kan ƙarafa 3. In ya yi rawa, na tsakiya ne mai laifi. Sau da yawa ɗagowa ya yi daga raminsa. A aza katako a kai, a buga a hankali da ƙaramar guduma. Sai in bai koma ba za a goge shi kaɗan.

2. Zuza ko'ina. Wannan ba laifin ƙarfe ɗaya ba ne. Ko dai wuya ya lanƙwashe, ko tsirkiya ta yi ƙasa da yawa. A ƙarfe na 12, ya kamata tsakaninsa da tsirkiya ya kai milimita 2 zuwa 3.

3. Ƙarafa suna yankar hannu. Da hunturu katako yakan bushe ya tsuke, amma ƙarfe ba ya tsukewa. Sai bakinsa ya leƙo. A goge bakin kawai da ƙaramin magagari.

4. Murya ba ta daidaita. A auna tsawon tsirkiya tsakanin wurare biyun da take hawa. Ƙarfe na 12 yana daidai rabi. Misali, in tsawon santimita 65 ne, ƙarfe na 12 yana kan 32.5. Idan ya kauce sosai, an yi kuskure tun wajen haɗi. Guga ba za ta gyara shi ba, sai a koma wa kafinta.

Rigakafi ya fi magani. Kada a bar jita a rana ko kusa da murhu. Da damina kuma kada a jingina ta da bango mai danshi.

TAMBAYOYI
1. Me ke sa ƙarafa leƙowa da hunturu?
2. Idan tsawon tsirkiya santimita 60 ne, ina ƙarfe na 12 zai zauna?