Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Sai An Yi Kwas Kafin Zama Notari a Jojiya?

Tambaya: Ina zaune a Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka, ina da ɗan kanti inda nake aika wa mutanenmu kaya gida. Kusan kullum sai wani ya shigo da takarda yana cigiyar inda za a buga masa hatimin notari, sai in tura shi banki. Shi ne na yi niyyar neman izinin da kaina. Abokina da ya samu nasa tun da daɗewa ya ce fom kawai ya cike, ni kuwa an ce sai na yi kwas. Gaskiya ne? Nawa zan kashe, kuma akwai riba? Ni dai a gida lauyoyi na sani da wannan aiki. Daga mai karatu a Atlanta.

Amsa: Abokinka gaskiya ya faɗa, wanda ya ce sai ka yi kwas shi ma gaskiya ya faɗa. Doka ce ta sauya a tsakaninku.

A Najeriya Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa notari daga cikin lauyoyi, a Nijar kuwa masanin shari'a ne mai ofis na kansa, bisa tsarin Faransa. A Amurka abin bai kai nan ba. Notari shaida ne kawai da jiha ta amince da shi: ya tabbatar cewa wanda ke gabansa shi ne mai sunan da ke jikin takarda, ya ga ya sa hannu da yardarsa, ya rantsar da shi idan takardar rantsuwa ce, sannan ya buga hatimi. Kowace jiha da dokarta, saboda haka abin da zan faɗa maka na Jojiya ne.

A 2024 majalisar jihar ta zartar da dokar da ake kira HB 1292, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Daga wannan rana duk mai neman zama notari sai ya yi kwas, haka ma mai sabunta izininsa, wanda zai yi shi cikin kwanaki 30 kafin sabuntawar. Wato abokin naka ma yana nan tafe, in wa'adin izininsa na shekara huɗu ya cika. Hukumar haɗin gwiwar magatakardan manyan kotunan jihar, GSCCCA, ita ke ba da kwas ɗin ta intanet. Sauran sharuɗɗan ba su sauya ba: shekara 18, zama ɗan ƙasa ko mai izinin zama na halal, iya karatu da rubutu da Turanci, da mutum biyu 'yan gundumarka da za su shaide ka. Magatakardan babbar kotun gundumar da kake zaune, Fulton ce ko DeKalb ko Gwinnett, shi zai rantsar da kai.

Kuɗin ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da magatakarda ke karɓa ya ɗan bambanta daga gunduma zuwa gunduma, amma bai kai dala 60 ba, sai kuɗin hatimi da na littafin rajista da za ka saya a kasuwa. Jojiya ba ta neman takardar lamuni. Ka kwatanta da Kalifoniya, inda sai an yi kwas na awa 6, an ci jarrabawa, an ɗauki zanen yatsu, an kuma kawo lamunin dala 15,000 daga kamfanin inshora. Wannan lamuni jama'a yake karewa, ba notarin ba. In kamfani ya biya wanda aka cuta, wajen notarin zai dawo neman kuɗinsa. Ilinoi ma ta wajabta kwas da jarrabawa tun 2024.

Riba kuwa, kada in ruɗe ka. Dokar Jojiya dala 2 ta yanka wa notari a kan kowane aiki, alhali a Kalifoniya ana iya karɓar dala 15 a kan sa hannu ɗaya. Za ka ga masu talla a YouTube suna cewa ana samun kuɗi da yawa wajen sa hannun takardun bashin gida. A Jojiya lauya ne kaɗai ke da ikon kammala cinikin gida, don haka wannan ƙofa ba a buɗe take ba kamar a wasu jihohi. Amfanin da za ka samu shi ne wanda ya zo neman hatimi ya ga kantinka, kuma ka sauƙaƙa wa 'yan'uwa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne dalilin da ya sa aka kawo dokar. Satar gidaje ta takarda ce. Ɓarawo zai rubuta takardar da ke nuna mai gida ya mallaka masa gidansa, ya ƙirƙiri sa hannu, ya samu hatimin notari, ya kai a yi rajista. Mai gida yana cikin ɗakinsa bai san an raba shi da gidan ba, sai ran da takardar kora ko ta bashi ta iso. Tsofaffi da magadan da ba sa kusa su aka fi yi wa haka. Wani lokaci hatimin na jabu ne, wani lokaci kuma na gaske ne, notarin ne ya buga ba tare da ya ga mai sa hannun ba. Shi ya sa dokar ta ce idan mutum da kansa zai kai takardar gida rajista, ba ta hannun lauya ko banki ba, dole notari ya rubuta a littafinsa sunan mutumin da adireshinsa, rana da wuri, da irin katin shaidar da ya nuna.

A nan ne nake jin tsoro dominka, domin na san halinmu na kunya. Wata rana dattijon da kake girmamawa zai shigo da takardar wakilci ya ce, "Hajiya ce ta sa hannu, tana Kano, ai ka san ta, buga mana kawai." Zai yiwu gaskiya yake faɗa. Amma hatiminka cewa yake yi Hajiya ta tsaya gabanka a ranar, kuma ba ta tsaya ba. Wannan shaidar zur ce a addini, a doka kuma tana iya jawo ƙwace izini, biyan diyya, har da tuhuma a kotu. In rigimar gado ta taso bayan shekaru, sunanka ne a jikin takardar. Ka shirya amsarka tun yanzu, cikin ladabi: "Baba, doka ta ɗaure mini hannu, sai ta zo da kanta." Wanda ke ƙasar waje yana iya neman wannan hidima a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko Yamai.

Haka kuma za a riƙa tambayarka wane fom ya kamata a cike na shige da fice, ko me takarda take nufi a shari'a, saboda a gida an saba notari lauya ne. Kada ka amsa. Dokar Jojiya ta hana notarin da ba lauya ba ya ba da shawarar shari'a, ta kuma ambaci harkar shige da fice musamman. Ba za ka buga hatimi a takardar da kai kanka kake cikinta ba.

Shawarata ita ce ka nemi izinin. Ka yi kwas ɗin da natsuwa, ka riƙa rubuta kowane aiki a littafi ko da wanda doka ba ta tilasta ba, ka kulle hatimin inda yaron kanti ba zai kai ba. Akwai kuma inshorar kuskuren aiki da kamfanoni ke sayarwa, wadda ita ce ke kare notarin kansa. Ba dole ba ce a Jojiya, amma ka tambayi farashinta kafin ka fara.