Sabon Akwatin Kifi: Me Ya Sa Kifi Ke Mutuwa A Cikin Ruwa Mai Tsabta?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, ya ga masunta suna fito da karfasa da tarwaɗa masu ƙoshin lafiya daga ruwan da idon mutum ke gani gurɓatacce. Amma sau da yawa ɗalibi ko malamin aikin gona yakan sayi akwatin gilashi ko bahon roba, ya wanke shi tas, ya cika shi da ruwa garai-garai, ya zuba 'ya'yan kifi, kafin mako biyu sai ya tarar suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a ɗora laifi a kan mai sayar da kifin, ko a ce ruwan garin ne bai karɓe su ba. Wannan darasi zai nuna cewa abin da ya kashe su guba ce da su kansu suka fitar, kuma abin da sabon akwati ya rasa wasu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani.

Gubar da kifi ke fitarwa

Abincin kifi yana da sinadarin gina jiki mai yawa. Idan jikinsa ya sarrafa shi, sai ragowar ta zama amoniya, wadda mafi yawanta ke fita ta matsefatan da ke gefen kansa, wato inda yake numfashi. Kashinsa da abincin da ya rage ya ruɓe su ma suna ƙara amoniya. A Zobe ruwa yana da yawa, don haka gubar takan tsarma. A cikin akwati kuwa ba ta da mafita, sai dai ta yi ta taruwa.

Amoniya iri biyu ce a cikin ruwa: mai guba ƙwarai, da mai sauƙin guba. Yawan kowace ya danganta da zafin ruwa da kuma ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Alal misali, a ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8, sai ta kai kimanin kashi 5, idan kuma ya kai 9, sai ta wuce kashi 30. Ƙarin zafi ma yana ƙara ta. Ke nan haɗarin ya fi girma a lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Akwai bakteriya da ke rayuwa da amoniya. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna juya ta zuwa naitirayit. Shi ma wannan guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa za a ga kifi yana haki a saman ruwa ko da akwai iska a ciki. Rukuni na biyu suna juya naitirayit zuwa naitiret, wanda gubarsa kaɗan ce, tsirrai kuma suna shan sa a matsayin taki.

Wannan ilimi ya daɗe. A 1877 wasu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki. Wajen 1890 masanin Rasha Sergei Winogradsky ya yi nazarin bakteriyar, ya kuma nuna yadda suke samun kuzari daga sinadarai. An daɗe ana koyar da cewa Nitrobacter ce ke yin aiki na biyu, amma binciken da aka buga a 1998 ya nuna cewa a akwatin kifi na ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi yin sa. A 2015 kuma aka gano wasu nau'o'in Nitrospira da ke iya yin ayyukan biyu su kaɗai. Irin waɗannan halittu ne ke aiki a gonakin Kurfi idan manomi ya zuba takin gargajiya ko na yuriya, su mayar da shi abin da saiwar dawa da masara ke sha cikin sauƙi.

Bakteriyar ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Suna manne wa tsakuwa da bango da soson matatar ruwa. Suna kuma hayayyafa a hankali, domin sukan ɗauki kusan yini guda kafin yawansu ya ninka, alhali wasu bakteriyar na ninkawa cikin minti 20. Dalilin da ya sa sabon akwati yake buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna ke nan.

Yadda ake nunar da akwati

1. A wanke akwati da tsakuwa da ruwa zalla. Kada a sa sabulu ko omo.

2. Idan ruwan famfo ne, a bar shi a buɗe na kwana ɗaya ko biyu don kulorin ya fita, ko a sa maganin kashe kulorin, domin yana kashe kifi da bakteriya baki ɗaya. Ruwan burtsatse kuwa ba shi da iska sosai, sai a motsa shi ko a kunna injin hura iska.

3. A samo tsakuwa ko soson matata daga tsohon akwati ko tafkin kiwo wanda kifinsa ke da lafiya, a kawo shi a jiƙe. Wannan shi ne iri, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan kindirmon jiya a cikin madarar yau.

4. Kowace rana a ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan, tun babu kifi a ciki. Ruɓewarsa ce za ta ciyar da bakteriyar.

5. Kada a bari iska ta yanke. Bakteriyar na cin kimanin giram 4.6 na oksijin kafin su gama sarrafa giram ɗaya na naitirojin da ke cikin amoniya. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, injin hura iska mai batir ko mai aiki da hasken rana ya fi dacewa.

6. Idan akwai kayan gwaji, a auna ruwa bayan kowane kwana biyu. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya ya sauka, sannan naitiret ya fara hawa. Idan na farko da na biyu sun koma sifiri, akwati ya nuna. Idan babu kayan gwaji, a jira mako shida cur.

Karɓar baƙon kifi

Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, saboda haka sauyin gaggawa yana girgiza shi. Ledar da ta sha rana a bayan babur tana iya fin ruwan akwati zafi ƙwarai, musamman a hunturu, lokacin da ruwa ke kwana da sanyi. Don haka a yi jigilar kifi da sassafe ko da yamma, a kuma hana shi abinci kwana ɗaya kafin tafiya don rage ƙazanta.

Idan an iso, a ɗora ledar a kan ruwan akwati a rufe na minti 15 zuwa 20. Sannan a buɗe, a riƙa zuba ruwan akwati kaɗan-kaɗan a ciki har na wajen rabin sa'a. Kada a wuce haka, musamman bayan doguwar tafiya. Dalili kuwa, iskar da kifi ya fitar a cikin rufaffiyar leda tana sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma yana danne gubar amoniya. Da zarar an buɗe, iskar za ta fice, pH ya hau, gubar ta farka. A ƙarshe a kwashe kifin da ƙaramar koma, a zubar da ruwan ledar a waje.

A fara da kifi kaɗan, a ƙara wasu bayan mako biyu. A ranar farko kada a ba su abinci, daga baya kuma a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. Duk sabon kifi a keɓe shi na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da tsofaffi. Kada a haɗa tarwaɗa da ƙananan kifaye, domin za ta cinye su. Kowane mako a sauya kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan, a kai wanda aka kwashe ga shukar alayyafo ko tumatir. Soson matata kuwa a ɗauraye shi da tsohon ruwan akwati kawai.

Aikin aji

Malam na iya samun bokitai biyu masu girma ɗaya, a sa sabuwar tsakuwa a ɗaya, a sa tsakuwar tsohon tafkin kiwo a ɗayan. A riƙa zuba musu abinci daidai wa daida, ɗalibai suna auna amoniya da naitirayit, suna zana sakamakon a takardar giraf har mako shida. Wane bokiti ne zai riga nuna, kuma me ya sa? Makarantun da ba su da kayan gwaji suna iya neman shawarar sashen nazarin kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011.

Kammalawa

Mun ga cewa tsabtar ruwa a ido ba ita ce lafiyarsa ba, kuma mai kiwon kifi bakteriya yake fara kiwo kafin kifi. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga ɗalibi mai ƙaramin akwati da kuma magidancin da ya zuba jarinsa a tankin tarwaɗa. Wanda ya jira mako shida, ya kuma ba baƙon kifinsa ƙasa da sa'a guda ya saba da sabon ruwa, ya tsare kuɗinsa da rayukan kifinsa.