Bayan an watse daga zaman makoki

A ƙaramin asibitin karkarar da nake aikin jinya, idan aka kawo yaro mai tamowa, kafin in auna damtsensa nakan tambaya, "Ina mahaifiyarsa?" Sau da yawa kakarsa ce ke sunkuyar da kai ta ce, "Ai ta riga mu gidan gaskiya, 'yar nan." Daga nan na san abin da awon zai nuna: ja, ƙasa da santimita 11.5.

Ramar yaron takan faro tun uwar tana kwance. Nono ya ragu, an sayar da akuya an sayi magani, an fasa rumbu tun damina ba ta faɗi ba. Ranar da aka yi rasuwa gida ya cika, ana ta shigo da kwanukan tuwo. Bayan sadakar bakwai kowa ya kama gabansa, jariri ya koma hannun tsohuwar da ba ta da abin ba shi sai koko tsararo da ruwan rijiya. Gudawa ta biyo baya. Katin rigakafi kuwa yana can ƙasan akwatin marigayiya, an raba kaya ba wanda ya waiwaye shi, allurar ƙyanda ta wata 9 ta wuce.

A Matlab ta ƙasar Bangaladash an bi diddigin yara shekara da shekaru, aka fitar da sakamakon a 2010: cikin yara 100 da suka rasa uwa, 24 kaɗai suka kai shekara 10, waɗanda uwayensu ke raye, 89. Rasuwar uba ba ta nuna irin wannan gibin ba a can. A wurinmu dai ina ganin illarta, domin mace tana takaba wata 4 da kwana 10, talla da sussuka sun tsaya, gona ba mai nomawa.

Abin da ke ci min rai shi ne muna da mafita a hannu mun bar ta. Shayar da ɗan wani ba baƙon abu ba ne a addininmu. Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). In akwai mai goyo a dangi, a kawo ta mu duba lafiyarta, a yi mata gwajin ƙanjamau, ta karɓi jaririn. Kada a yi saurin ɗora shi kan nonon shanu ko na akuya yana ɗan watanni.

Yanzu duk rasuwar da na ji a unguwa, nakan je gaisuwa da ma'aunin damtse a jakata. In na yi ta'aziyya sai in nemi a nuna min ƙaramin cikin yaran da aka bari, in tambayi wa zai riƙe shi, in rubuta sunan, in sake komawa ranar arba'in.