Kafin a kira mai siminti, a fara hawa rufin

Shekarun baya aka kira ni wata tsohuwar cocin dutse da 'yan mishan suka gina a wani gari a Filato. Dattawan cocin suka ce bango yana ta zubar da gari, har sun sayi buhunan siminti. Na ce, "Baba, a taimaka mini da tsani tukuna."

Da muka hau, sai ga kwano biyu sun ɗaga, indararo ya toshe da ganyen mangwaro da kashin tattabaru. Bakin katakon da ya shiga bango kuwa, na soka masa yatsa ya nutse. Damina da damina ruwa yana bi ta nan yana gangarawa cikin bango, ba wanda ya ɗaga kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani gyara da aka taɓa yi, aka cike tsakanin duwatsu da siminti. Maginan farko sun ɗaure dutsensu da kwaɓin farar ƙasa da yashi, mai laushi, wanda ke barin danshi ya fita in rana ta buga. Siminti toshe hanyar yake yi. Ruwan da ya shigo ta sama sai ya rasa mafita, ya jiƙa kwaɓin ciki har ya koma kamar kunu, ƙarafan da ke cikin bango su yi tsatsa, su kumbura, su tsaga dutse. Haka siminti yake yi wa ginin laka ma, irin na cocin St. Bartholomew ta Wusasa da aka gina a 1929.

Rufin muka fara gyarawa. Sannan muka zauna da guduma da ɗan ƙarfe muna ɓamɓare simintin kaɗan-kaɗan, ba inji, don inji yana cin bakin dutse. Muka cike da sabon kwaɓin farar ƙasa, muka rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, domin farar ƙasa a hankali take ƙarfi, iska take sha. In ta bushe da gaggawa, marmashewa take yi.

Ko a Faransa hanyar maginan farko aka bi: da gobarar 15 ga Afrilu 2019 ta cinye rufin cocin Notre-Dame, katakon da aka mayar da gatari kafintoci suka sassaƙa shi kamar na asali, aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

Masu kula da irin waɗannan gine-gine, kafin ruwan farko ku sa a share indararo. Ranar da ake sheƙa ruwa kuma, ku shiga ciki da tocila, ku haska saman bango inda katako ya zauna.