Naa60: Enzayim Mai Sa wa Furotin Hula

A darasin bayoloji mun koyi cewa furotin sarƙa ce ta amino asid, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayoyin carbi. Sarƙar tana da kai da gindi, kuma kan yana ɗauke da ɗan cajin lantarki. To, kusan kashi 80 cikin 100 na ire-iren furotin da ke jikinmu ana sa musu wata 'yar hula a kan nan. Sunanta asetil: kabon biyu, haidirojin uku, oksijin ɗaya. Da zarar ta hau, cajin ya gushe. Wannan kan shafi inda furotin ɗin zai zauna, da abokan aikinsa, da tsawon kwanansa.

Enzayim ne ke sa hular. Yawancin masu wannan aiki suna maƙale da raibozom, wato inda ake ƙera furotin, suna sa hular tun sarƙar tana fitowa. Naa60 ya fita daban. Shi a bangon Golji yake manne, sashen nan na ƙwayar halitta da ke tantance furotin ya aika kowanne inda ya dace. Daga nan yake karɓo asetil a wurin sinadarin asetil-CoA, ya ɗora a kan furotin masu ratsa tantani, irin waɗanda ke zama ƙofofin shige da fice na ƙwayar halitta.

Me zai faru idan babu shi? A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe suka rage yawan Naa60 a cikin ƙwayoyin halitta, sai suka ga Golji ya tarwatse gunduwa-gunduwa. A 2024 kuma aka gano cewa mutanen da suka gaji lalataccen tsarin Naa60 daga uwa da uba duka, sinadarin kalsiyam yana taruwa a ƙwaƙwalwarsu ya daskare. Cutar kan jawo matsalar motsi da ta tunani. Ɗaya daga cikin furotin ɗin da Naa60 ke sa wa hula shi ne mai shigar da fosfet cikin ƙwayar halitta, wanda tun da can an san lalacewarsa na haddasa wannan cuta.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Atam shida kacal ke cikin hular nan. In muka zo zana Golji a littafin aji, mu tuna da enzayim ɗin da ke manne a bangonsa.