A Girmama Soja, A Tambayi Mai Aikensa

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit, ya ƙetare Asamaka ya shiga In Gezam ta Aljeriya, ya san ba a isa Tamanrasset sai an wuce shingayen sojoji. Za ka tarar da matashi a tsaye, bindiga a kafaɗa, ya rufe hanci saboda ƙura, leɓensa duk ya tsattsage. Da rana ya sha zafi, da dare sanyin duwatsun Hoggar ya ratsa shi har ƙashi. Wataƙila mahaifiyarsa tana can bakin teku, tafiyar kilomita kusan 2,000. Abu biyu wannan takarda take son koyarwa game da yaron nan: a girmama shi, a kuma tambayi waɗanda suka aiko shi.

Haƙƙin soja a kanmu

Soja ba ya zaɓen inda za a kai shi. An ce tafi, sai ya ɗauki jakarsa. Ranar 11 ga Fabrairu, 2014, wani jirgin soja ya tashi daga Tamanrasset zai je Kusantina, ɗauke da sojoji da iyalansu, ya faɗi a kan wani dutse a yankin Ummul Bawaki. Mutum 77 suka rasu, ɗaya tak ya tsira, ƙasar Aljeriya ta yi makokin kwana uku. Wanda ke kwana ido biyu domin ka yi barci ya cancanci gaisuwa da addu'a.

Darasin In Ekker

To, amma girmamawa ba ta nufin a kulle baki. Ku dubi abin da ya faru a In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset. Daga 1961 zuwa 1966 Faransa ta yi gwajin bom ɗin nukiliya sau 13 a cikin ramukan da ta haƙa a dutsen Tan Afella. Yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ita ta ba ta damar ci gaba da amfani da wurin har shekara biyar.

Ranar 1 ga Mayu, 1962, ɗaya daga cikin ramukan ya kasa riƙe ƙarfin bom ɗin da aka tayar a cikinsa. Baƙin hayaƙi mai guba ya turnuƙe, iska ta kaɗa shi kan mutane. Har ministan sojan Faransa, Pierre Messmer, yana wurin. Manya suka koma gida, aka bar ƙananan sojoji da leburori da Buzayen da ke kiwo a kewaye da dakon ciwo. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya, bayan tsofaffin sojojin da iyalansu sun shafe shekaru suna kuka. Yanzu wa ya fi ƙaunar waɗannan samari: wanda ya tafa musu ya yi shiru, ko wanda ya tashi ya ce, me ya sa aka tsayar da su a can?

Tambaya ba cin amana ba ce

A Janairun 2013 Aljeriya ta bar jiragen yaƙin Faransa su bi ta samaniyarta zuwa Mali. Kwanaki kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka afka wa ma'aikatar iskar gas ta In Amenas. Jaridun Aljeriya sun yi ta muhawara kan wannan shawara ta gwamnati, kuma hakan bai rage darajar sojojin da suka tunkari maharan ba. Shi kansa tsarin mulkin Aljeriya na 2020 ya ce shugaban ƙasa ba zai tura soja waje ba sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda. Ashe doka ma ta san a yi shawara kafin a ɗaura ɗamara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya kamace mu

Na farko, in ka isa shinge, yi sallama, ka ce sannu da aiki, ka miƙa takardunka ba gardama.

Na biyu, in kana da ƙorafi kan yaƙi ko rufe iyaka, kada ka huce a kan kurtu, domin ba shi ya yanke ba. Baƙo ya kiyaye dokar masu gida, ya kai kukansa ga wakilan ƙasarsa, a Yamai ko a Abuja.

Na uku, ka tambayi shugabanninka cikin ladabi: mene ne dalilin wannan yaƙi? Yaushe zai ƙare? Ina kuɗin makamai suka shiga? Wa zai riƙe marayu?

Na huɗu, in akwai matar soja da ta yi takaba a unguwarku, a leƙa ta, a kai wa 'ya'yanta abin da ya samu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a bakin aiki, ya ba shugabanni kunnen sauraro.